Jar Mota da Ƙyauren Ɗakina

Maigidana ya kusa sa a ƙone shi da ransa saboda cika baki, kuma har yau bai taɓa zama ya ce mini ya yi kuskure ba. Ni ma ban daina faɗa ba. Duk wanda ya zo gidanmu ya tayar da zancen jar motar nan yana dariya, sai na ba shi labarin yadda yake, don ni na kwana da abin a ƙirjina, ba masu dariyar ba.

A Agege muke a lokacin, ɗaki ɗaya a gidan hayar wani dattijon Bayarabe kusa da layin dogo. Sojoji ba su daɗe da sauka daga mulki ba. Shi sana'arsa gwangwan. Yana da ɗan fili bayan kasuwa inda ake kawo masa matattun injuna da tsohon firji da gawar mota, ya ɗora a sikeli ya saya. Ni kuma ina tuyar waina a ƙofar gida da safe, kwana uku a mako kuma in ɗauki littafina da yamma in tafi ajin manya. Sai da na haura arba'in na san yadda ake riƙe fensir. Idan na fito da ledar littafina, sai ya ce wa abokan hirarsa su matsa, ga shugabar makaranta za ta wuce.

'Yan gwangwan suna da al'ada ɗaya da ba sa canzawa. Ranar da abu ya shigo fili, ranar ake tuɓe shi. Jan ƙarfe gefe, alminiyum gefe, baƙin ƙarfe a bar shi sai daga baya, don kowanne da kasuwarsa. Hannunsu ne yake aikin. Ba sa tsayawa duba abin da aka rubuta a jikin ƙarfe, kuma ba wanda yake rubuta takarda don ya sayi tarkace.

Haka motar ta zo masa. Wani mai gadi ne ya sayar masa da ita daga bayan wani gida da za a rushe, ba taya, ba batir, kaza ta yi ƙwai a kan kujerarta. Wata 'yar guntuwa ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, rufinta na tamfol duk ya yayyage, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Har ya fara ɓanɓare ƙananan abubuwa daga cikinta, sai tsohon makaniken da garejinsa yake jikin filin, wanda kowa ke ce wa Baba, ya riƙe masa hannu ya ce kada ya sare wannan, irinta ba ta da yawa a Legas. Wata da watanni suna kanta, su biyu, har ran nan ta tashi da wata irin ƙara da ta kori kajin unguwa.

Daga nan 'yan fim suka gano ta. Sukan zo su ɗauke ta haya ta yini, a sa wani mai kuɗin ƙarya a ciki da baƙin tabarau. Amma suka ce baƙin bamban robar da ke gabanta ya ɓata ta, su irin motar zamanin da can suke so. Maigida ya je Ojota ya tono bamban ƙarfe mai ƙyalli na wata 'yar uwarta da ta mutu, Baba ya yanke na robar ya ɗaura mata wannan. Tun daga ranar bakin maigida ya buɗe. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya ce masa ƙirar sittin da wani abu ce, ta girmi rabin mutanen unguwar. Ni na san bai san shekararta ba, don shekarar haihuwarsa ma bai sani ba. Na ce masa ya rage. Ya ce abin mota ba a koyar da shi a ajin tsofaffi.

Sai mutum ya san yadda garin yake a shekarun nan kafin ya gane tsorona. Mutane sun gaji da 'yan fashi, sun gaji da kai ƙara wurin 'yan sanda, sai samarin gari suka kafa ƙungiyoyin sintiri da adduna da layu. Idan suka ce wane ɓarawo ne, ba a kai shi ko'ina. Da idona na ga abin da ya rage na wani mutum a gefen layin dogo, da wayoyin taya a zagaye da shi, na yi mako ban iya kallon kaskon wainata yana hayaƙi ba. Mu 'yan Arewa kuma namu ya fi, don laifin mutum ɗaya yakan zama na unguwa gaba ɗaya. Kowace mace a layinmu ta san inda ta ajiye ƙullin kayan da za ta ɗauka in an ce a gudu.

Ranar da abin ya faru ina wanke kasko ne, sai maƙwabciyata mai sayar da goro ta shigo ba sallama ta ce in bar komai in tafi fili. Ban tambaye ta ba. Fuskarta ta ishe ni.

Na tarar da mutane sun cika wurin. Maigida yana zaune a ƙasa, ba hula, 'yan sintiri kusan goma a kansa. An buɗe bonet ɗin motar. Gefe guda ga wani mutum mai tabarau, da farar riga a goge, riƙe da ambulan da kaset ɗin bidiyo. Shi ne mai ƙara. Ya ce motar mahaifinsa ce, an ƙwace ta da bindiga zamanin soja, tsohon ya mutu da baƙin cikinta. Ya sayi kaset a kasuwar Alaba don yaransa, yana zaune sai ga motar ta gifta a talabijin. Ya tsayar da hoton, ya duba bamban, ya gane ta. Ya bi 'yan fim ɗin har suka nuna masa filinmu. Takardun motar na ainihi suna cikinta ranar da aka ɗauke ta, abin da ya rage masa hoton mahaifinsa a jingine da ita, da wasiƙar kamfanin da ya sayar masa.

Shugaban 'yan sintirin ya nuna wani wuri a gefen injin da tsinin adda. Ƙananan ramuka huɗu ne a jere kamar kusurwar katin wasa, tsakiyarsu fili. Ya ce nan ne farantin shaidar mota yake zama, ya tambayi jama'a wane ne yake cire shi in ba ɓarawo ba. Maigida ya ce alminiyum ne, shi ya sa ya cire, haka suke yi wa komai. Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Sai kuma mutum uku suka shaida cewa da kunnensu sun ji shi yana cewa ƙirar sittin da wani abu ce. Ba ƙarya suka yi ba.

Filin gwangwan ba ya rasa tsohuwar taya. Wani saurayi ya jawo ɗaya ya zauna a kai yana kaɗa ƙafa. Wani ya ajiye jarka kusa da shi. Idona ya kasa barin jarkar nan.

Mai unguwarmu ne ya cece shi a ranar. Tsoho ne, a Legas aka haife shi, Yarabancinsa ya fi Hausarsa daɗi. Ya cire hularsa ya yi ta magana da shugaban har aka amince a jira zuwa ƙarfe goma na safiyar gobe. In an kawo hujjar cewa ba motar ba ce, shi ke nan. In ba a kawo ba, ba ruwan kowa da abin da zai biyo baya. Za su tafi da maigida rumfarsu, motar kuma a ɗaure ta da sarƙa a bar mutum biyu a kanta.

Kafin su watse na matsa wurin mai tabarau na ce ya ba ni wasiƙar in gani. Wani a baya ya ce mai waina za ta yi karatu, aka sake dariya. Mutumin dai ya miƙo mini. Da na ga yadda yake lallaɓa takardar, a nan na gane ba mugu ba ne, ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Turancin ban iya ba. Amma lamba na iya ta. Na bi layi da yatsa har na kai inda aka rubuta shekara, na karanta a fili, ɗaya bayan ɗaya: ɗaya, tara, shida, takwas. Ya ce haka ne, sittin da takwas.

Da za a wuce da maigida ya ce mini a hankali, "Ki kwashi yara ki tafi Mile 12 wurin yayanki. Akwai motar Kano da asuba."

Na ce, "Malam, kai ka yi shiru yau ɗaya. Bakinka ya yi aikin da zai yi."

Garejin Baba a rufe yake, amma na san yana ciki, don takalminsa yana bakin ƙofar baya. Na yi ta bugu har ya buɗe. Mun yi maganar rabi da Yarabancina na kasuwa, rabi da guntuwar Hausarsa. Ya rantse mini motar ba ta sittin ba ce. Ya ce irinta masu bamban roba sai can cikin shekarun saba'in aka fara yin su, kuma sun fi na da tsayi daga ƙasa da kamar faɗin yatsa biyu, wanda ya san su zai gane ko a duhu. Na ce to ya zo ya faɗa musu haka. Ya girgiza kai. Ya ce shi ya yanke bamban da hannunsa, in ya buɗe baki za a ce shi ne mai sauya wa motar sata kama, kuma 'ya'yansa a cikin samarin nan suke kwana suke tashi.

Na tambaye shi me yake jikin farantin da aka cire. Ya ce wata da shekarar da aka ƙera ta, da wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa. Ita doguwar lambar an kuma buga ta a jikin ƙarfen motar, gefen dama na injin, ƙarƙashin baƙin mai. Amma ita kaɗai ba ta faɗin shekara, farantin ne yake haɗa su biyun. Ya ce in manta da shi, tuni masu zubin tukwane sun narkar da shi, wataƙila ma wata tana dafa shinkafa a ciki.

Doguwar lamba mai haɗe da haruffa. Ina tsaye a wurin abin ya dawo mini. A shekarata ta farko a aji, malamarmu ta ce kowa ta je gida ta kwafo duk rubutun da ta gani a ɗakinta. Na kwafi na gwangwanin madara, na kwafi na kwalin ashana, na kuma durƙusa na kwafi na wani ɗan farin ƙarfe da maigida ya buga a gindin ƙyauren ɗakinmu, inda ɓera ya ci katako yake shigowa yana ɓata mini garin waina. Malamar ta ba ni maki, ta ce amma ita ma ba ta san mene ne wannan ba. Kuma na tuna ranar da ya zo da shi a aljihu, don ranar ce yake ba yara labarin motar da kaza ta yi ƙwai a ciki.

Ban gaya wa Baba ba, na fito kawai. Tafiyar da na yi daga gareji zuwa gida ita ce mafi muni a ranar, ta fi ganin jarkar. Ban tuna lambar da na kwafa ba. Mai gadin da ya sayar da motar ba mu san shi ba, ba mu san abin da ya sa ta shekara da shekaru a ɓoye bayan gida ba. Idan na durƙusa na ga shida da takwas fa? Zan faɗi gaskiya tunda na fara: na riga na zaɓi kwatar da zan jefa ƙarfen a ciki, da dutsen da zan ɗora a kai.

A layinmu mata suna ta ɗaure kaya. Wata ta ce mini, ba ta ko kalle ni ba, mijina ya jawo musu. Na wuce ɗakina, na san ba ta yi ƙarya ba.

Ƙarfen yana nan inda yake, a gindin ƙyaure, da ƙusoshi huɗu da suka yi tsatsa. Koren fentin da mai gidan hayar ya yi wa ƙofofin gidan bara ya hau gefunansa, tsakiyar kuma ta yi baƙi da ƙura da ruwan shara. Na ɗebo toka, na yanka lemun tsami, na kwanta rub da ciki a ƙasa ina gogewa. Doguwar lambar ta fara fitowa. Ƙasa da ita akwai ɗan ƙaramin gida, a ciki tara, da sanda a karkace, da bakwai, da shida. Na karanta sau uku. Na tashi na zazzage akwatina na nemo tsohon littafin, ga shi nan da rubutuna na lokacin, manya-manya kamar tafiyar agwagwa, bakwai da shida.

Na koma wurin Baba da littafin. Ya sa tabarau ya duba, ya ce watan tara, shekarar saba'in da shida. Shekara takwas tsakaninta da ta mahaifin mutumin. Na ce ya ara mini filaya in cire farantin. Ya riƙe hannuna, irin riƙon da ya yi wa maigida ranar farko.

Ya ce, "Iya, kada ki cire. A Ojota akwai masu buga irinsa kafin ki gama shan ruwa. In kin kai shi a hannu za su ce jiya kika sa aka yi."

Na ce, "To Baba, yaya zan yi? In kawo su ɗakina da addunansu?"

Na ce masa da ya bar maigida ya sare motar nan tun farko, da yanzu ta zama rodi a cikin ginin wani, da mijina yana gida yana cin tuwo. Ya sunkuyar da kai. Abin da ya iya yi mini shi ne ya zana mini a ƙasa daidai inda lambar take a jikin motar, ya ɗauko burushin ƙarfe, ya kuma tsiyayo fetur a kwalba wai in wanke baƙin man da shi. Na karɓi burushin na mayar masa da kwalbar. Na ce ba ni zan kai fetur wurin nan da hannuna ba, omo da ruwa sun isa.

Saura abu ɗaya da ban tabbatar ba, shi ne ko farantin na motar ne. Kafin magariba na kai wa maigida abinci a rumfar 'yan sintiri. Ba su bar ni na shiga ba, ta tsagar kwanon da aka kewaye rumfar da shi muka yi magana. Na tambaye shi ƙarfen da ya toshe ramin ɓera da shi, daga ina ya ciro. Ya ce wallahi bai sani ba, irinsu nawa ya cire a rayuwarsa, na janareto, na firji, na injin niƙa. Ya tambaye ni me ya kawo zancen ɓera a rana irin ta yau, ko karatun ne ya fara taɓa ni. Da ba kwano a tsakaninmu da na mare shi.

Ke nan sai a gaban mutanen nan zan sani. Zan goge baƙin mai, in karanta harafi ɗaya a ƙyaure, ɗaya a mota, ni da nake bin layi da yatsa, taya da jarka suna gefe. In sun yi daidai har ƙarshe, ya tsira. In harafi na biyar ya saɓa, na ƙara masa laifin ƙirƙirar hujja, kuma ni ma ina tsakiyarsu. Ban tura yara Mile 12 ba, amma na kai su ɗakin mai goro da ƙullin kayansu, na gaya mata inda yayana yake zama a kasuwa.

Da gari ya waye ban hura wutar waina ba. Na buga wa mai gidan hayar ƙofa, na gaishe shi yadda ake gaida dattijo a garinsu, gwiwa biyu a ƙasa. Na ce masa zan ari ƙyaurensa zuwa azahar, kuma in yana tsoron Allah ya biyo ni ya faɗa wa mutane yaushe ya yi masa fenti. Ya tsaya yana kallona da asuwaki a baki. Ban jira amsarsa ba. Na sa ƙusa da taɓarya na buge sandunan hinji biyun da suke riƙe da ƙyauren, ya faɗo a kafaɗata, ya fi yadda na zata nauyi. Na saki labule a bakin ɗakin, na soke littafin da burushin a zanina, na naɗa gammo. Mai goro ta taya ni ɗorawa. Na riƙe shi da hannu biyu, gefen farantin yana gaba inda kowa zai gani, na bi layin dogo na nufi fili.